Ranar da Aka Zo Binciken Rumasa'u

Ku samarin da kuke zuwa rumfata kuna cewa in koya muku dillanci, na san abin da kuka hango. Kun ga mutum zaune a kan benci, ba ya noma, ba ya dako, waya a kunne, da yamma ya kaɗe rigarsa ya tafi gida da la'ada. Wani cikinku har ce mini ya yi ai aikin baki ne kawai. Na ce masa haka ne, shi ma wanzami aikin aska ne kawai, ya je ya karɓa ya gwada a kan mahaifinsa.

Ni a hannun marigayi Malam Inuwa na tashi, a kasuwar tumatir ta bakin titin Zariya, kuma na daɗe a gabansa kafin ya bar ni in buɗe baki a ciniki. Aikina shimfiɗa ciyawa a gindin kwando, da rufe bakinsa da takardar buhun siminti, da ɗaure shi da igiya yadda ko mota ta faɗa rami ba zai yi amai ba. A nan na koyi cewa tumatirin da aka tsinka washegarin ban ruwa ya fi kowanne sheƙi da nauyi, kuma shi ne yake zama miya tun mota ba ta wuce Lokoja ba. Na koyi sanin ruɓaɓɓe da hanci tun yana ƙasan kwando. Kayan aikin dillali ke nan, sai benci da inuwa da butar shayi, kuma kada ku raina butar nan.

Wata rana wani Bayarabe mai saye ya iso da sassafe, ya duba abin da ke ƙasa bai yi masa ba, ya ce zai wuce Kura. Malam Inuwa ya san kayan da mutumin yake so suna kan hanya daga Bunkure, amma bai faɗa masa ba. Ya zaunar da shi, ya tambaye shi lafiyar ƙafarsa da ya ga yana ɗingisawa, ya kawo masa labarin wani mai magani, ya sa aka dafa shayi, shayin ya zo babu sukari, aka tafi neman sukari. Kafin sukari ya iso kaya sun iso. Bayan mutumin ya yi lodi ya tafi, na tambayi maigida me ya hana shi ce masa kawai ya jira, kaya masu kyau suna zuwa. Ya ce mai saye ba ya jin yabon dillali, hannunsa kaɗai yake yarda da shi. Aikinka ka riƙe shi a wurin har hannun nasa ya taɓa.

Shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir na ga amfanin wannan magana. Ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, ɗan abin da ya tsira ya yi tsada, dillalai da yawa suka shiga jera masu kyau a sama suna binne masu huda a ƙasa, suna rantsuwa a waya. Ni kuwa sai in juye kwando a kan tabarma a gaban mai saye in yi shiru. Ban yi haka don na fi su tsoron Allah ba. Na yi ne don na san tsutsa za ta wuce, mai saye kuma zai dawo. Da yawan masu rantsuwar nan yanzu acaɓa suke yi.

Amma cinikin da ya fi kowanne ba ni wahala ba na tumatir ba ne, na 'yar wana ne, Rumasa'u.

Ita Rumasa'u 'yar Yaya Ɗanlami ce, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi digiri na farko da na biyu a fannin zamantakewar jama'a, tana koyarwa a wata sakandare a Kano, sai ta ɗaura niyyar yin na uku a ƙasar waje, irin wanda ake ɗaukar nauyin mutum gaba ɗaya, karatu da ci da wurin kwana. Na zaci abin kamar cike takardar neman taki ne. Ashe kasuwa ce, kuma mummuna, domin a cikinta kai ne kayan, kai ne dillalin. Ta rubuta wa malaman jami'o'i da yawa, mafi yawansu ko amsa sallama ba su yi ba. Ta yi jarrabawar Turanci, ita da take koyar da 'ya'yan mutane da Turanci. Ta yi ta zarya wurin wani tsohon malaminta don ya rubuta mata shaida, shi kuma kullum yana taro. Shekarar farko kowa ya ce mata ta yi ƙoƙari ƙwarai, amma. Na ce mata a wurinmu ma haka mai saye yake cewa in zai wuce rumfar gaba.

Da ta zo hutu na tambaye ta ko takarda iri ɗaya take aika wa kowa. Ta ce kusan haka. Na ce ni ban taɓa aika wa mai gidan abinci irin kayan da nake aika wa mai shanya ba.

“Baffa, ni fa ba tumatir ba ce.”

“Shi ya sa kika daɗe a ƙasa ba ki ruɓe ba. Gode wa Allah.”

Ta yi fushi, amma ta sake rubutu. A karo na biyu ta bar manyan maganganu a kan talaucin Afirka, ta koma kan abin da ta tashi tana gani a ƙofar gidansu, wato rabon ruwa. Wanda bai san yankinmu ba, ga yadda abin yake. Ruwa yana tahowa ta babban kanal, ya shiga ƙanana, kowane ƙarami ya bi ta gefen gonaki har ya ƙare. Masu gona a farkonsa su ne 'yan kai, masu gona a ƙarshe su ne 'yan wutsiya. A ƙa'ida kowa da ranarsa. A aikace ɗan kai yana jera buhunan yashi ya tare ruwa har gonarsa ta ƙoshi, ɗan wutsiya ya samu abin da ya rage, in ya rage. A kanal ɗinmu babban ɗan kai shi ne Alhaji Ubale, mai albasa da tumatir, wanda ni nake sayar masa da kaya. Ɗan wutsiya na ƙarshe kuwa, wanda bayan gonarsa sai daji, shi ne Yaya Ɗanlami. Sun yi shekaru gaisuwarsu ba ta wuce ta jana'iza. An kai su gaban mai unguwa, an kai su gaban ƙungiyar masu ban ruwa, an yi sulhu an sha fura, washegari buhu ya koma wurinsa.

Wannan rigima ita Rumasa'u ta ce za ta bincika: wa yake tarewa, wa yake haƙuri, wa ake kai wa ƙara, me ya sa sulhu ba ya kwana. Da ta karanta mini da Hausa na yi mamakin a ce akwai masu ɗaukar nauyin mutum shekaru don ya saurari abin da ni nake ji kyauta kowace rani.

Sai ga shi an taya. Wata Farfesa Hajara, Bakatsiniya da take koyarwa a can ƙasar, ta yi mata intabiyu ta kwamfuta, ta ce gurbi ɗaya ne, kuma su biyu suka rage, ita da wani daga wata ƙasa. Ta ce za ta zo gida hutu cikin rani, za ta biyo ta ga wurin da idonta, ta tabbatar matsalar tana nan kamar yadda aka rubuta, kuma mutane za su yarda su yi wa yarinyar magana. Rumasa'u ta kira babanta ta faɗa masa ranar. Kuskurenta ke nan, kuma ban ga laifinta ba, domin wa zai kawo baƙuwa garinsu bai sanar da ubansa ba.

Yaya Ɗanlami ya faɗa a masallaci cewa za a zo binciken Rumasa'u. To mu a wurinmu bincike iri ɗaya muka sani a kan 'ya mace. In dangin manemi suka zo tambayar asalin yarinya, ko maƙiyin ubanta aka tambaya zai ce gidan mutunci ne, domin shi ma yana da 'ya'ya, kuma gobe ta ƙofarsa za a biyo. Dattawa suka zauna suka duba maganar, suka ga in baƙuwar nan ta ji yarinya ta fito daga cikin masu faɗa a kan ruwa, za ta ce ba ta da tarbiyya, a ba wa ɗan wata ƙasa gurbin. Mutanen da in ma'aikacin gwamnati ya zo da takarda kowa sai ya zama matalauci, gonarsa ta bushe, jakinsa ya mutu, su ne suka yanke shawarar cewa a wannan rana babu wanda yake da matsala.

Yaya da kansa ya taka har gidan Alhaji Ubale. An ce Alhaji ya ji daɗin zuwan har ya ce Rumasa'u ai 'yarsa ce, shi ya fara saya mata jakar makaranta, abin da babu wanda ya tuna. Ya sa aka kwashe buhunan yashi aka ɓoye a bayan turken shanu. Sauran 'yan kai suka bi. Ni ina kasuwa ina fama da lodi, babu wanda ya shawarce ni, domin a ganinsu wannan maganar mutunci ce, ba ta dillalai ba.

Ranar zuwan baƙuwa, da hantsi na iso na tarar da gari kamar ranar Sallah. An share bakin kanal. Ruwa yana gudu har gonar Yaya, yana tura busasshen ganye da leda a gabansa, yara suna bin sa da kallo kamar baƙo. Mota ta tsaya, Rumasa'u ta fito da Farfesa, mace mai ƙaramin jiki da takalmin roba, da ganinta ka san ta taɓa shiga gona. Aka yi gaisuwa, aka kama tafiya daga kai zuwa wutsiya, Alhaji Ubale cikin babbar riga a dama, Yaya da hular Sallarsa a hagu, suna kiran juna ɗan'uwa.

Duk wanda Farfesa ta tambaya amsa ɗaya ce. Ruwa yana isa? Alhamdulillahi, har ya yi yawa. Ana samun saɓani? Wane irin saɓani, ai duk uwa ɗaya uba ɗaya ne. Wani tsoho da na san ya taɓa fasa wa maƙwabcinsa kai da fartanya ya ce shi tun da aka haƙa kanal ɗin nan bai taɓa jin an ɗaga murya ba. Da aka iso gonar Yaya, Farfesa ta dubi tumatirinsa da ya ƙanƙance ya yi ja tun bai girma ba, ta tambaye shi me ya same shi. Ya ce iri ne, haka yake, ya fi zaƙi.

Na ga Farfesa ta mayar da bironta cikin jaka. Na san wannan motsi, shi ne na mai saye in ya fara duban titi. Ta juya ta ce, a hankali amma kowa ya ji:

“To Rumasa'u, ina matsalar da kika cika mana shafuka da ita?”

Me za ta ce? Ta ce ubanta yana ƙarya, ga shi tsaye da hularsa yana murmushi, yana jiran a yaba masa? Ta ce za ta yi bayani in sun koma mota. Da aka juya ta ja ni gefe.

“Baffa, sun rufa mini asiri har sun binne ni. Ka gaya mata gaskiya.”

Na ce in na gaya mata, maganar baffan yarinya ce, kuma dillali. Ko ni ba zan saya ba.

Abin da na dogara da shi shi ne na san Alhaji Ubale. Shekaru ina sayar masa da kaya. Mutum ne mai kyauta, zai iya ba ka rago, amma ba zai iya tsayawa yana kallon ruwa yana wuce albasarsa ba. Tun muna tafe na ga idonsa yana komawa kanal kamar mai kallon ana cin abincinsa. Na san alherin nan ba zai kai magariba ba.

Aka ci abinci, aka yi addu'a, gari ya rako mota har bakin hanya. Na ce su rage mini hanya zuwa kasuwa. Da muka isa na ce ba zai yiwu baƙuwa ta zo ƙasar tumatir ta koma hannu sake ba, ta sauko ta zaɓi kwando. Ta ce tana sauri. Na ce ai zaɓe ba ya ɗaukar lokaci. Na juye kwando na farko na ce bai dace da ita ba. Na biyu na ce an tsinke shi bayan ban ruwa, na tsaya na yi mata bayanin illar hakan, ta kuwa saurara, domin masu ilimi ba sa iya wuce bayani. Aka kira la'asar, muka yi salla. Aka kawo shayi. Igiyar da zan ɗaure kwando ta zama gajera, direbanta ya tafi neman wata a inda na san ba a sayarwa. Rumasa'u tana zaune a ƙarshen benci kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Farfesa ta ajiye kofi ta dube ni.

“Alhaji, babana dillalin shanu ne a Charanci. Riƙe ni kake yi.”

“Ranki ya daɗe, kayan da kika zo gani ne ba su iso ba.”

Ta yi dariya, ta ce a ƙara mata shayi, amma in rana ta faɗi za ta tafi, kuma abin da ta gani da safe shi za ta rubuta. Na ce ta yi adalci. Na yi ta duban wayata, ina tunanin ko yau ce ranar da Allah ya shiryi Alhaji Ubale, a kan kuɗin karatun 'yar mutane.

Rana ta yi ƙasa sosai sannan wayar ta yi ƙara. Yaya ne, ko sallama babu. Ya ce in zo in ja wa mutumina kunne, ruwa ya tsaya, ko ƙurar motar baƙuwa ba ta kwanta ba azzalumin ya mayar da buhu, kuma yau sai dai a kwashi gawar ɗaya. Na ce ya yi haƙuri ina zuwa. Ban ce da wa ba.

Muka shiga motar Farfesa muka bi ta hanyar bayan gari wadda take fitowa daidai kan kanal. Alhaji Ubale yana cikin ruwa har gwiwa, ya naɗe wando, babbar rigar tana rataye a kan bishiyar darbejiya, yana jera buhu. Yaya yana bakin gaɓa da fartanya, har yanzu da hular Sallah, yana ambaton kakan Alhaji da abin da ya yi a zamanin haraji. 'Yan wutsiya sun taru a bayansa, 'yan kai a ɗaya gefen, tsohon nan da bai taɓa jin an ɗaga murya ba ya fi kowa murya. Sai da direba ya kashe mota suka lura da mu.

Alhaji Ubale, da buhu a hannu, ya ce gyara suke yi. Yaya ya sauke fartanya ya ce e, gyara ne, taya shi ya zo yi.

Farfesa ba ta ce musu komai ba. Ta fito da bironta ta ce wa Rumasa'u ta yi mata bayanin abin da take gani. A nan yarinyar ta yi abin da ya sa na san ba a banza ta yi karatu ba. Na zaci za ta kama Alhaji ta yanka, ga dama ta samu, ga ubanta a tsaye. Sai ta fara da cewa shi ma Alhaji ɗan wutsiyar wasu ne, domin a babban kanal akwai waɗanda suke tare masa, kuma ciyawa da laka sun cinye rabin hanyar ruwan tun kafin ya iso shi. Ta nuna gonar da mai ita yake auren ƙanwar Alhaji, shi ya sa ake buɗe masa da dare ba ya cikin masu ƙara. Ta faɗi dalilin da ya sa ake kai ƙara wurin mai unguwa ba wurin ƙungiya ba in ana son a ci gaba da gaisawa. Har babanta ba ta bari ba, ta ce shekarar da ya samu aron gona a tsakiya shi ma buhu ya jera. Yaya ya dubi sama.

Farfesa ta yi ta rubutu har duhu ya fara. Da za ta shiga mota ta ce rigimar ba ta ba ta mamaki ba, akwai irinta duk inda aka haƙa kanal. Abin da take so Rumasa'u ta bincika shi ne na safe: yadda ruwan da ƙungiya da hukuma suka kasa kai shi wutsiya, mutuncin yarinya ɗaya ya kai shi. Ba ta yi alkawarin komai ba. Kwandon ma sai da na tuna mata.

Abin da ya biyo baya ku riƙe shi, ku masu son dillanci. Gari ya yi ittifaƙi cewa ni na tona asiri. Alhaji Ubale ya kai kayansa na wannan rani rumfar wani. Yaya ya daina amsa wayata, ya ce na kunyata shi a gaban surukai, haka ya kira su. Babu wanda ya ba ni la'ada, kuma da an hana yarinyar gurbin nan da har yau ni ne na jawo. Muka yi makonni a haka, sannan saƙo ya zo an ɗauke ta. A ranar kowa ya tuna rawar da ya taka. Alhaji ya ce da bai mayar da buhun nan ba da yanzu tana nan tana cin alli.

Ta tafi ta yi shekara tana karatu a can, bana ta dawo aikin bincike, za ta yi rani biyu a bakin kanal da 'yar na'urar ɗaukar magana. Ta yi wa kowa bayani cewa ba za ta sa sunan kowa a littafin ba, babu wanda ya yarda. Duk ranar da aka ga ta fito da jakarta, buhu ba ya shiga ruwa, domin ba wanda yake so jikokinsa su karanta shi da Turanci. Tun da ta dawo ruwa yake kaiwa wutsiya. Tumatirin Yaya ya yi girman da har ni na yi masa ciniki ban ji kunya ba. Ita kuwa ta zo rumfata tana ƙorafi, wai watanni tana yawo ba ta samu faɗa ko ɗaya da za ta rubuta ba, Farfesa tana tambaya.

Makon jiya Yaya ya zo karɓar cinikinsa, ya zauna a kan bencin nan da kuke zaune. Ya tambaye ni yaushe yarinyar za ta gama. Na ce in ta yi ƙoƙari, rani mai zuwa ta tattara ta koma ta rubuta, ta zama dakta. Ya juya hularsa a hannu. Ya ce in yi mata magana, tunda tana jin tawa, kada ta yi gaggawa, ilimi ba a yi masa gaggawa. Har ya miƙe zai tafi ya dawo ya sunkuyo.

“Wai bayan wannan na ukun, babu na huɗu?”